Sunan da Kawu Clarrie Ya Riƙe

Ka san sunan kakanka na yanka, ba wanda wani ya laƙaba masa ba? Gwaggo Merle, maƙwabciyata a garin Mackay, ta kai shekara saba'in da tara ba ta san na nata kakan ba. An sato shi daga tsibirin Tanna yana yaro, aka kawo shi saran rake, mai gona ya rubuta shi "Jimmy Tanna". Mutum ɗaya ya rage da ya taɓa jin sunan na asali: yayanta Clarrie, mai shekara tamanin da biyar, wanda da an taɓo zancen sai ya ɗauki hularsa ya fice.

Gwaggo ta yi shekara talatin tana wanki da guga a asibiti, ba ta haihu ba. Da ta ajiye aiki sai ta roƙi ɗakin taron coci duk Laraba, don jikokin masu saran rake su zo su amayar da abin da aka binne a gidajensu. Ni ke jera kujeru, guda sha biyu suna kallon teburi, ga littafin sa hannu a bakin ƙofa. Na ƙirga Laraba ashirin da shida. Mutum uku suka leƙo, suka ga littafin, suka juya. Mu biyu ke shan shayin da ta dafa, ta wanke kofuna sha biyun duka, mu rufe.

Ran nan ta tare yayanta a ƙofar gida.

"Yaya, ko sau ɗaya ba za ka zo ba?"

"Ke Merle, da furfurarki! An rubuta kakanmu a littafi sau ɗaya, me ya rage masa? Shi ne za ki girke mana wani?"

"Kai dai ba ka da baki sai a bakin kogi."

"To ɗauko ƙugiya mana."

Ta ɗauko. Na kai su bakin kogi Asabar huɗu, suna zaune kafaɗa da kafaɗa, ido a kan ruwa, ba zancen komai sai tsutsa. A ta biyar yana ɗaura ƙugiya, bai ko ɗago ba, ya ce, "Sunansa Kapalu. Mama ta ce duk wanda ya faɗi sunan a waje, jirgi zai dawo ya kwashe mu." Shekara saba'in da takwas yana riƙe da shi.

Bayan wata huɗu ya rasu. Yanzu da safe ina jiyo ta ta katanga, ita kaɗai a kicin, tana kiran sunan. Ran Laraba kuwa bakin kogi muke zuwa, ba littafi. Makon jiya mun kai mutum bakwai.

In kana da tsoho a gida, kada ka zauna a gabansa da biro. Zauna a gefensa, ku sa hannu a wani aiki, ka yi shiru. Don Allah gwada Asabar ɗin nan.