Baba Lado da Akwatin da Babu Komai a Ciki

Kullum bayan asuba Baba Lado zai shimfiɗa buhunsa a bakin layin dogo na Agege, ya jera basilla da zare da gwangwanin gam, ya hau facin takalman mutane. Da la'asar sai ya zaro wani ɗan jan akwatin roba daga aljihu, irin wanda alhazai ke kawo wa yara tsaraba, a kanga a ido a ga Makka da Madina. Yara su yi layi. Ba ya karɓar komai.

Ni Nata'ala, goro nake sayarwa a rumfar da ke kallon tasa tun zamanin soja. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, kuma ba na yabon mutum don ya ji daɗi. Akwatin nan babu komai a cikinsa. Na leƙa. Danshin Ikko ya cinye hotunan tuntuni, fari fat kawai.

Na ce masa, "Baba, wannan ai damfara ce."

Ya ce, "Damfara kyauta? Kai dai idonka goro kaɗai ya sani."

Yaro zai sa ido, Baba ya danna, ya ce, "Me ka gani?" Yaro ya ce ba komai. "Ka cika gaggawa. Jira raƙumin ya gama wucewa." Can sai ka ji ihu, "Ga shi! Wallahi ga shi!" Yaran da aka haifa a nan, Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsu, ba su taɓa ganin rumbu ko kuka ba. A akwatin nan suka gan su, har da ƙasan teku da inda jirgin ƙasa ke kwana.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ranar Lahadin nan ta farkon bana, da bama-bamai suka yi ta tashi a Ikeja. Ƙasa na girgiza, ana ihun soja sun dawo, motocin danfo da okada da mutane duk sun cakuɗe. Ni ina ƙarƙashin teburin goro. Yaran layin Baba suka zabura za su faɗa titi, inda manya ke tattake juna. Inno mai tuwo ta gani da idonta: Mubina, 'yar Isah ɗan dako, ta riga ta kai bakin kwalta, Baba ya cafko gefen rigarta.

"Oya, zo maza, ke ce a layi. Ko in ba Shamsu da ke bayanki?"

"Baba, za mu mutu!"

"Wa ya ce? Tsawar damina ce ta garin kakanki. Leƙa ki ga gero."

Ta leƙa tana kuka. Wani bam ya sake tashi. Baba ya danna. "Kin ji? Ruwa ya sauko. Ga awaki can suna neman mafaka, wawaye." Ta yi dariya da majina a hanci. Sauran suka juyo, kowa yana cewa shi ne na gaba. Ya kora su rumfar Inno, duk ƙara ɗaya dannawa ɗaya, har iyayensu suka zo suka tarar da 'ya'yansu cif. Inno ta ce muryarsa ko gezau. Washegari muka ji labarin waɗanda suka gudu ba su dawo ba. Allah ya jiƙansu.

Baba Lado, kai ne ka riƙe yaran unguwa da farin banza a ranar da mu masu ƙarfi muka kasa riƙe kanmu. Mai basilla, mai nuna abin da babu. Ba wanda ya kira sunanka a rediyo, kansilan da muka zaɓa ma bai san ka ba.

Yanzu idonsa ya ƙi, zare ba ya shiga basilla. Yara ma gidan bidiyo ya kwashe rabinsu. Ya gaji, mu ma mun gaji. Jibi zai hau motar shanu ya koma ƙauyensu wajen Gumel.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka ladan da mu ba mu iya biya. Ku kuma iyaye, in yaro ya ce ya ga wani abu, ku daina ce masa maƙaryaci, ku tambaye shi launinsa.

Akwatin ya bar wa Mubina. Jiya ta zo rumfata ta kanga mini a ido.

"Baba Nata'ala, me ka gani?"

"Ba komai."

"Ka cika gaggawa. Baba Lado ne, jira ya gama zura zaren."

Ga mai sayen goro a tsaye yana jirana. Na ce masa ya ɗan dakata.