Hular Kawu

Tsawar ruwan fari ta jiya ce ta tuna mini da Kawu. Tun da ya dawo daga yaƙin basasa, in aka yi tsawa, mutanen garinmu Gafasa na murnar shuka, shi kuwa yana ƙuryar ɗaki, jikinsa na ɓari.

Ni na raka shi Kano neman kuɗin sojojin da suka nakasa. Likita ya ce, "Kofur, tuɓe riga mu ga raunin."

Kawu bai taɓa rigar ba. Ya cire hularsa a hankali, ya sunkuyar da kai. "Nan ne, likita."

Likita bai ga tabo ba, ya rubuta lafiyarsa ƙalau.

Ya Allah, Kai Ka ga raunin. Ka sa ya huta.