Ɗan Ƙanwata a Sikelin Kaya

Duk shekarun da na yi a unguwar Kudai ta Makka ina auna kayan alhazai, ban taɓa ɗora mutum a sikelina ba sai ɗan ƙanwata. Yana jami'a a Amurka, yana buga ƙwallonsu ta ture-ture. Aikinsa ya tokare tsakiyar layi, ƙarti biyu su kasa gusar da shi, don haka kocinsa ya yi ta ɗura masa abinci. Da lokacin da manyan ƙungiyoyi ke zaɓen 'yan wasa ya matso, masu dubawa suka ce ƙiba ta yi masa yawa, numfashinsa ba ya kai ƙarshen wasa. Su suka ce ya ci, su ne kuma suka ce ya cika nauyi. Abin ya ƙona min rai.

Da ya zo hutu, sikelin gidansu a unguwar Shisha ya kasa ɗaukarsa, sai yake zuwa shagona kowace safiya. Ya bar cin shinkafar kabsa, ya bar gurasar tamis, uwarsa tana ta mita wai ya raina girkinta. Kullum sai ya hau sikelin, ya ce da Larabci, "Kam, ya khali?" wato "Nawa ne, kawu?" In faɗa masa kilo nawa ne, ya sauka.

Ranar da zai koma, ya hau sikelin, ni kuma na gaji, bakina ya suɓuce da abin da nake faɗa wa kowane alhaji: "Ya yi yawa, sai ka rage wani abu."

Ya dube ni, ya sauka, ya sunkuya ya cire takalmansa, ya sake hawa. Lambar ba ta motsa ba.