Faifan da ya kusa ja mini duka

Ina laluben rimot a ƙarƙashin kujera, sai ga Hajiya mai gidan da muke haya a tsakiyar falona, taɓarya a hannu, maƙwabta a bayanta.

Faifan fim ɗin ban tsoro na sayo a kasuwar New Bell. Maganarsu ba ta fita, na ƙure murya. Mai wuƙa na bayyana a fim ɗin, wata a ciki ta tsala ihu.

"Ina matarka? Me ka yi wa 'yar mutane?"

"Wallahi Hajiya fim ne!"

Na nuna talabijin, hoton baƙi ƙirin, ko inuwa ba a gani.

Sai ga matata Hauwa ta dawo daga kasuwar Youpwé da ledar kifi: "C'est quoi? Me ya faru? Lafiya?"

Ban taɓa murna da ƙarnin kifi kamar yau ba. Da ku ne, wa zai wanke ku?