Cinyar Ungozoma

Ɗiyata ta fari ta zo duniya a ƙarshen sanyi, lokacin da mutum kan kwana da bargo, hantsi ya same shi yana neman inuwa. Ƙasa ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, mu ma ba mu daɗe da sauka Agadas ba. Daga Damagaram muka zo. Maigidana baduku ne, yana ɗinkin takalma da jakunkunan raƙumi a wata 'yar rumfa bakin kasuwa. Da aka duba ranar suna, sai ta faɗa daidai Babbar Sallah. Mata suka yi ta cewa ɗiya ce mai goshi. Ni dai ban ga goshin ba, don rago ɗaya ne a gidan.

Ni na yi kiwon ragon nan. Da tsohon ciki nake jiƙa masa dusa, nake jawo masa ruwa a rijiya. Don layya aka saye shi, ban musa ba, amma wa ya san haihuwar za ta zo haka?

A unguwarmu ragon layya ba a yayyanka shi. Feɗe shi ake yi, a banƙare shi a kan itace biyu da aka gicciya, a fitar ƙofar gida inda maza suka hura wuta guda, a jera raguna kewaye da ita har yamma. Ba a raba shi sai gari ya waye. Na suna kuwa a ranar ake sassare shi, wanzami ya ɗauki nasa, ungozoma ta ɗauki nata, a aika gida-gida. Ta nan ake sanin an yanka wa yaro. Wanda ba a yanka wa ba, gorin na nan yana jiransa ko da ya yi furfura, kuma kowa ya san abin da ake nufi da uwarsa.

Ranar jajibere da magariba na ce, "Maigida, ragon nan na wa ne gobe?"

"Niyya biyu zan yi," in ji shi. "Niyya ai a zuci take."

"Zuciyar taka za ka fitar ƙofar gida mutane su gani?"

Na san abin da ke cinsa. Baƙo ne a garin, yana tsoron a jera raguna a ga gurbinsa ba komai, a ce Bahaushen nan bai iya layya ba. Na tausaya masa, na kuma ji haushinsa, ga jikina duk ya yi laushi da wankan jego. Ko ƙarfin gardama ba ni da shi.

Da aka sauko daga idi, malam ya leƙo a tsaitsaye ya raɗa suna. Goro da dabinon da muka tanada ko rabi ba a ɗiba ba, kowa na sauri ya je ga nasa ragon. Wanzami ya yi askin kamar ana korarsa. Mata kuwa kowace na gindin tukunyarta tana suyar kayan ciki. Wadda ta zauna da ni ita ce ungozoma kaɗai, wata tsohuwa 'yar asalin garin, wadda ta yanke cibin rabin yaran unguwar.

An yanka, an feɗe, an shimfiɗe ragon a kan fatarsa a tsakar gida, sai aka ƙwala kira daga waje. Mai butiki, wato kantin unguwa, ya sayo radiyo, ga shugaban ƙasa yana yi wa jama'a barka da sallah daga Yamai. Maza suka watse, har da maigidana. Daga baya duk dattijon da ya tashi tuna sallar nan, da radiyon yake tuna ta.

Na dafa bango na miƙe. Wuƙar na nan inda aka ajiye ta. Na durƙusa, jiri na ɗibata, na kama cinyar baya na yi ta yanka har gaɓar ta saki.

"Ke ɗiyar nan, mi kike yi haka?" in ji tsohuwa. "Ko jini bai ɗauke miki ba!"

"Inna, ga rabonki. Na suna ne. Ki riƙe mini wannan a ranki."

Ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta ƙunshe cinyar a gefen zanenta ta fita.

Da maigidana ya dawo ya daɗe tsaye a kan ragon. Ya banƙare shi haka nan ya fitar. Rago mai ƙafa uku ba ya zama a kan itace, sai karkacewa yake, sai da aka tallafe shi da igiya. Daga ɗaki ina jin maza na tsokanarsa, wai ko kura ta riga mu yin sallah a gidan baduku. Ya taya su dariya a waje. A cikin gida kuwa har zafi ya shigo sosai bai sake zama ya yi hira da ni ba. Na haƙura, ina cewa a raina aƙalla yarinyar tana da shaida.

Shekaru suka tafi. Sallah ta yi ta ja da baya har ta bar ƙarshen sanyi ta shige tsakiyarsa. Wata rana, ɗiyar ta fara zuwa lakkwal, makarantar boko, ke nan, ta dawo tana kuka har da shessheƙa. Sun yi faɗa da wata yarinya, ta ce mata ai ita ba a yanka mata rago ba, a bakin uwarta ta ji. Na bar dakan da nake yi, na ja hannunta sai gidan ungozoma.

Muka tarar da ita a kan tabarma, idanun sun tafi, amma hankalinta garau. Na gaishe ta, na tura yarinyar gabanta.

"Inna, gaya wa jikarki. Ranar sunanta, mi na ba ki?"

Ta shafa kan yarinyar, ta yi dariya har da tari.

"Cinya mana! Yo ni zan manta? Naman da daɗi. Ai shekarar nan ce uwarki ta gutsure mini ragon layyar ubanki."

Yarinyar ta ɗago ta dube ni. Na buɗe baki, sai na ji na gaji, irin gajiyar da ban taɓa yi ba ko ranar haihuwarta. Na yi wa tsohuwa sallama, muka kamo hanyar gida, yarinyar ba ta sake tayar da maganar ba.