Kakar Raken Da Na Yi Hannuna Cikin Ruwan Randa

Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu cewa Sale mai mazarƙwaila na Gazara ya yi kuɗi ya manta da mutane, ku matso ku ji irin kuɗin da na yi.

Da ciwon baya ya fara. Na ce ɗaukar rake ne, na yi ta shafa man zafi. Ranar da na kasa ɗagowa daga ruku'u, ƙanena Habibu ya sa ni a mota sai Zariya.

Aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka huda ƙashin ƙuguna aka zuƙi ɓargo. Kansa ce. Wallahi na tsorata.

Maganin farko bai karɓe ni ba, sai likita ta ce za a ƙara mini wani ta ƙarin ruwa har sau shida, ja kamar zoɓo. Ta ce an ƙunshe shi cikin wasu ƙwayoyin maiƙo da ido ba ya gani. Suna yawo a jini har su taru inda ciwon yake, su saki maganin a can, don kada ya yi wa zuciya ɓarna sosai. Shanun huɗarmu biyu suka tafi a kansa.

Ta ja mini kunne: "Malam Sale, in tafin hannunka ya ɗau zafi, nan ma maganin zai taru. Ka nisanci wuta, ka riƙa sa hannu a ruwan sanyi. Hannun na ɗayewa, dole mu dakata."

Ni da wuta ce sana'ata.

Kakar rake ta zo. Gari na wayewa kowa ya tafi wurin matsar rake, yara makaranta, maiɗakina na fama da abincin ma'aikata. Ni kaɗai a soro, hannu cikin kwanon ruwan randa. Ina jin ƙarar inji, ina jin ƙamshin dahuwa, babu mai leƙowa. Ba ƙi na suka yi ba, aiki ne. Amma kaɗaicin ya fi ciwon ci na.

Bayan ƙarin ruwa na uku na kasa daurewa. Na ja sanda na tafi wurin matsa. Aka yi ta ihu, "Sarkin kasko ya dawo!" Daɗi ya ɗebe ni, na karɓi muciya na juya kasko biyu.

Kwana uku tafin hannuna ya yi ja, ya kumbura, ya fara ɗayewa. Ko cokali ba na iya riƙewa. Likita ta duba, ta ce sai an ɗaga maganin mako biyu. Na tambaye ta ko ciwon zai jira ni. Ta ce, "Mu yi addu'a."

A mota Habibu ya ce, "Yaya, me ya kai ka?" Na yi kuka a gaban ƙanena.

Washegari ya kafa mini kujera a gindin mangwaro, nesa da wuta, kusa da hira, da bokitin ruwa a gabana. A nan nake yini har na ƙarasa sauran ƙarin ruwa ukun. Gwajin watan jiya ya nuna ciwon ya lafa, ana ci gaba da duba ni. Alhamdulillahi.

Likita, Habibu, maiɗakina, Allah Ya biya ku da Aljanna.

Ciwon bayan da ya ƙi jin magani, a kai shi asibiti. Dokar likita kuma a bi ta, ko ta yi ɗaci.

Ku kuma masu lafiya, in kuna da majinyaci, kada ku ajiye masa abinci ku wuce. Ku zauna, ko na minti biyar ne. Ni ba kasko na je nema ranar nan ba, mutane na je nema.