Tagar da Ban Tambaya Ba

Shekarar da damina ta yi mana rowa ce, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, mutanen ƙauye suka koma jiƙa anza, 'ya'yan itacen dajin nan mai ɗaci da ba a ci sai da yunwa. Ina aiki a biro, wato ofishin wata ƙungiya mai rabon hatsi a Damagaram, ɗaki biyu da mangazar ajiyar hatsi a baya, nan gefen Birni. Ni ce mai ordinatar, wato kwamfuta. Mu uku ne a ciki: ni, da shef, wato shugabanmu, da wani dattijo Babarbare mai ajiyar takardu, wanda kowa ke kira Baba.

Ma'aikatanmu kan shiga ƙauyuka su rubuta gidaje, su ɗauki hoton mai gida ko uwar gida, su ba kowa 'yar takarda mai lamba, su kawo mini jerin. Ni kuma in shigar cikin wani shirin ordinatar da aka aiko mana daga Yamai, wanda shi ke fitar da kartin karɓar hatsi. Wanda ya ƙera shirin nan, Allah ya shirye shi, bai bar hanyar zuba sunaye gaba ɗaya ba. Taga ɗaya ce ke buɗewa a kan ekaran, wato fuskar ordinatar, da gurbin suna, da na gari, da na yawan bakin da ke gidan, ga hoton mutum a gefe. Ka cika ɗaya, ka danna, ka koma na gaba. Kwana uku ina yi da hannu, yatsuna suka sage, ko sunayen yankin Gaffati ban gama ba.

Sai na rubuta wani ɗan shiri nawa ya yi mini. Da safe ya tambayi ordinatar ina tagar take. Ta ba shi amsa: ga sunanta, ga inda kusurwarta ta fara, ga faɗinta, ga tsayinta. Daga nan ya san inda kowane gurbi yake, ya kai kibiya, ya danna, ya rubuta, ya wuce na gaba, ba ji ba gani. Shef ya tsaya bayana ya ga sunaye na shiga ba mai taɓa komai, ya ce, "Madam, ke fa aljana ce." Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Sau ɗaya tak shirin nawa ke yin tambayar nan, da safe, kuma ban ga aibin haka ba.

Bayan an raba kartin yankin Garagumsa da kwana biyu, wata tsohuwa ta zo ƙofar biro da goyo. Jikanta ne, ƙarami cikin uku da ɗanta ya bar mata ya tafi neman abinci, har yau ba labari. Ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yar takardarta mai lamba, ta miƙo mini da hannu biyu.

"'Yar nan, an kira kowa ban ji nawa ba. An ɗauke ni hoto kuwa, ƙarƙashin gawon bakin rijiya."

Na ce, "Zauna, Inna, bari in duba." Na duba shirin Yamai, babu ita. Shef ya leƙo, ya karɓi takardar da yatsa biyu kamar wanda ya ɗauko tsumma.

"Irin waɗannan mun saba. Ranar rubutu ba sa nan, in sun ji hatsi sai su aro takardar wani. Mashin ba ya mantuwa."

A gabanta ya faɗa! Da Hausa, ba ma da Faransanci ba, balle a ce ya sakaya. Tsohuwar ta ɗaure takardarta a bakin zane, ta gyara goyo. Ni kuwa na yi shiru, don mashin ɗin da ba ya mantuwa nawa ne. Wannan shirun har yau ina jin kunyarsa.

Ta sake dawowa ranar Alhamis. Wannan karon yaron ko kuka ba ya yi, kansa ya langaɓe a bayanta. Na saya mata fura, na kwafi lambarta a tafin hannuna. Da ta tafi na buɗe jerin da ma'aikata suka kawo mini tun asali. Ga ta nan! Ga sunanta, ga baki huɗu, ga hotonta da gawon a bayanta. Na jera jerin biyu ina gwadawa, sai na ga ba ita kaɗai ba ce. Waɗanda suka ɓace ba ɗaiɗai suka ɓace ba, a jere suke, kamar an yanki gefen tabarma. Kuma kowace rana wuri biyu.

Na kai wa shef. Ya ce kuran ne, wutar lantarki, ke wasa. Na ce ordinatar na da batir, ba ta taɓa mutuwa ba. Ya ce to ma'aikatan daji ne. Haba, ranka ya daɗe, ma'aikatan daji da suka kawo sunan cikakke? Ya yi kunnen uwar shegu da ni, ya ɗauki makullin motarsa.

Washegari na gyara shirina. Na ce kafin kowane danni ya sake tambayar tagar, ya kuma rubuta mini amsar a gefe tare da lokaci: sunanta, inda take, girmanta, a buɗe take ko a ɓoye. Na zuba masa sunayen ƙarya da tsofaffin hotuna don gwaji, na sake shi. Da aka kira azahar na tafi gidan maƙwabta inda nake sallah kullum. Na dawo na tarar komai lafiya lau, taga a wurinta, sunaye na shiga.

Sai na karanta abin da ya rubuta. Tun safe layuka iri ɗaya, taga a buɗe, wuri ɗaya. Daidai azahar lambobin suka canza: dubu talatin da biyu ƙasa da sifili. Wurin da ordinatar ke cewa taga take ke nan idan an sauke ta an ɓoye. Kusan minti goma tana haka, sannan ta dawo. Ashe duk kwanakin nan, a wannan tsakanin, shirina na can yana danna fili, yana rubuta sunayen mutane a iska, yana kuma ƙirga su cikin waɗanda suka shiga.

Wuri biyun nan na kowace rana ashe azahar ce da la'asar, kuma mutum ɗaya ne ke zama a biro lokacin sallah. Baba na da ciwon gwiwa, ba ya iya hawan duwatsun da ke tsakaninmu da masallaci, sai ya shimfiɗa buzunsa a ɗakina don ya fi sanyi. Teburina kuwa a bangon gabas yake.

Ban tsaya tunani ba, halina ke nan. Na same shi yana lazimi na ce, "Baba, kai ke taɓa mini ordinatar?"

Ya ɗago a natse. "Ba na taɓa aikinki, 'yata. Hoton nan kawai nake saukewa, na ga yadda kike yi. Ba na so in yi sujada ga fuskar mutum a gabana. Ina sallamewa nake mayar miki yadda na same shi, ko sau ɗaya ban manta ba."

Wallahi na buɗe baki zan zazzage masa, har na fara. Na ce ya san abin da ya jawo? Na faɗi tsohuwar, na faɗi goyonta. Sai na ga carbin ya tsaya a hannunsa, na katse maganar. Me ya yi? Mutum ya kawar da hoto daga alƙiblarsa, ya mayar. Ni ce na ƙera makahon abu mai dukan inda ya ga dama, na sake shi a kan abincin mutane na tafi ina taƙama. Tambayar da ba ta cin ko ƙiftawar ido, ita na yi ƙyuyar maimaitawa.

Ya ce, "Gida nawa?" Na nuna masa jerin. Ya bi shi da yatsa har ƙasa.

A ranar na shigar da su duka. Shirin yanzu in ya ga taga ba ta wurinta sai ya tsaya cak ya jira, in ya rubuta suna kuma sai ya karanto shi daga gurbin ya tabbatar. Aikin rabin yini. Amma shef ya ce sabon karti ba ya fita sai Yamai ta sa hannu. Na ce to a ba tsohuwar ko tiya biyar, kwanon awo biyar kacal, kafin nan, ga mangaza nan a bayanmu cike har rufi, ina jin ƙamshin geron daga kujerata. Ya ce ba karti ba hatsi, doka ce. Na ce ranar da ka kira ta maƙaryaciya wace doka ka bi? Ya ce in kula da bakina. Na ce na kula da shi ranar da ya kamata in buɗe, abin da ya kawo mu nan ke nan. Kwana uku ba ya amsa gaisuwata, ko a jikina.

Tsohuwar ba ta sake zuwa ba. Na ba da saƙo ta hannun direbanmu a ce mata sunanta ya fito, ta ƙara haƙuri. Ban san ko ya isa ba.

Sai da aka yi Juma'a uku kartunan suka iso. Baba ya ce da shi za a je, da gwiwar tasa da komai. Muka shiga motar biro, aka ɗora buhuna. A garin tsohuwar, bulama, wato mai garin, ya tara waɗanda aka tsallake, Baba na kiran suna yana miƙa wa kowa da hannu biyu, yana cewa a yafe. Ba su gane abin da za su yafe masa ba, suka yi ta godiya. Karti ɗaya ya rage a hannunsa.

Bulama ya kai mu ƙofar gidanta. An toshe ta da ƙaya. Ya ce ta bi wasu sun yi kudu, yau kwana takwas.

Na ce, "Ita da jikokin uku?"

Ya ce, "Da biyu ta tafi."

Na gane goyon nan ne bai rayu ba. Baba ya tsaya a rana yana kallon hoton da ke kan kartin, ya daɗe, sannan ya sa shi a aljihun gaban rigarsa.

Bai sake sallah a ɗakina ba. A tsakar gidan biro yake shimfiɗa buzunsa, kan yashi mai ƙuna, ko na ce ya shigo na juya ekaran ɗin bango, sai ya girgiza kai. Duk ranar Alhamis kuma, har ya bar aiki, yana dogara sandarsa zuwa tashar motocin kudu, ya fito da kartin nan ya nuna wa direbobi fuskarta, ya tambaye su ko sun gan ta.